Harisu ɗan Kalada, Likitan Ɗa'ifa da Aka Kira wa Sa'adu a Makka



Da muka dawo daga Umara a bara, shugabannin ƙungiyarmu suka nemi in rubuta wa masu shirin tafiya 'yan shawarwari kan lafiyar ciki, tun da aikina ke nan a asibiti shekara da shekaru. Sau uku ina zama ina jera abin da za a ci da abin da za a ƙaurace wa, kowane karo sai in ga ban faɗi wani abin da maniyyaci bai ji a wajen bita ba. Daga ƙarshe na ga gara in ba ku tarihin wani mutum da ya bar duniya fiye da shekara 1,300 da suka wuce, wato Harisu ɗan Kalada, likitan ƙabilar Saƙif ta Ɗa'ifa. Amma sai na fara da daren da ya sa na koma neman labarinsa.

Masaukinmu yana unguwar Misfala, kudu da Harami, inda mutanen ƙasashenmu suka daɗe suna sauka. A daren da muka kammala Umara, ban daɗe da kwanciya ba sai wani dattijo na cikin ayarinmu, wanda duk muke kira Baba, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya dafe ƙahon zuciyarsa da hannu, ya ce olsarsa ce ta tashi domin ya ci shinkafa mai yaji da dare, ko ina da farin maganin nan na ruwa in sam masa. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji, ƙafafuna suna zogi, har na buɗe jaka na ɗauko kwalbar. Abin da ya tsayar da hannuna shi ne gumin da na gani yana tsattsafowa a goshinsa, alhali ɗakin sanyi ƙalau. Na zaunar da shi na tambaye shi yaushe ciwon ya fara. Ashe ba a kan abinci ya fara ba. Tun yana safa da marwa ya ji nauyin, tafiyar da ta kai kusan kilomita 3. In ya zauna sai ya lafa, in ya miƙe sai ya dawo. Ga shi kuma ya daɗe da ciwon suga. Muka kai shi asibiti yana ta mita cewa na ɗaga wa mutane hankali a kan ƙwannafi. Awon zuciya ya nuna jijiya ce ta toshe, aka shiga da shi a daren.

Ina zaune a barandar asibitin sai na tuna cewa a cikin wannan gari, ƙarni goma sha huɗu baya, wani babban Sahabi ya kwanta da ciwon da aka danganta da wannan gurbi na jiki, aka kuma kira masa likita.

Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, wato 632. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda ciwon ya kai shi ga fid da rai, har ya nemi izinin yin wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, tun da 'ya ɗaya ce kawai gare shi a lokacin, aka tsayar da shi a kan sulusi. Wannan ɓangaren duk ɗalibin fiƙihu ya san shi, domin daga nan aka samo haddin wasiyya. Abin da ba a cika karantar da mu ba shi ne jinyar kanta. Abu Dawuda ya kawo cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya duba Sa'adu a wani ciwo, ya ɗora hannunsa mai albarka a ƙirjinsa, ya shaida masa cewa ciwon fu'adi ne, sa'an nan ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada domin shi mutum ne mai aikin magani, tare da ambaton dabino ajwa guda bakwai da za a daka da ƙwallayensu. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, domin Mujahid da ya karɓo ta bai ji daga Sa'adu kai tsaye ba, kuma amana ce in faɗi haka. Sai dai masu tarihin Sahabbai, irin su Ibnul Asir, sun kawo labarin ta wata hanya, inda suka ajiye shi a Hajjin Bankwana, suka ce Harisu ya haɗa wa Sa'adu dabino da hulba da man shanu ya shayar da shi, ya kuwa wartsake. Sa'adu ya rayu fiye da shekara arba'in bayan wannan kwanciya. Shi ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, shi ya kafa garin Kufa.

Kalmar fu'adi ce ta daɗe tana yi mini yawo a rai. A wurin mai karatun Alƙur'ani zuciya ce. Amma likitocin da suka yi rubutu da Larabci a ƙarnonin baya sukan kira ciwon bakin tumbi, inda maƙoshi ya haɗu da shi, da ciwon fu'adi, kamar yadda Girkawa suka kira wurin da sunan zuciya tun kafin su. Mu ma Hausawa haka muka yi: saman ciki ƙahon zuciya muke ce masa, wanda amai ya taso wa kuma mu ce zuciyarsa tana tashi. Harsuna uku suka haɗu a kan rikita gaɓoɓi biyu, kuma ba laifinsu ba ne, domin jikin ne da kansa yake rikita su. Ciwon zuciya yakan zo da kamannin ƙwannafi da tashin zuciya da gumi, musamman ga tsofaffi da mata da masu ciwon suga. Wanda yake jin ciwon ba shi da hanyar rarrabewa. Shi ya sa ake da likita.

To, wane ne wannan da aka tura Sa'adu wurinsa?

Harisu mutumin Ɗa'ifa ne, garin da ke kan duwatsu kimanin kilomita 90 daga Makka, a tudun da ya kai wajen mita 1,800. Wanda ya hau hanyar Hada daga zafin Makka ya san yadda iska take sauyawa kafin a kai ƙarshen hawan. Garin inabi da rumman ne da jimar fata. Manyan Ƙuraishawa suna da gonaki a can, kuma da zabibin Ɗa'ifa ake gyara ruwan da ake shayar da mahajjata. Saboda haka likitan da ya yi suna a Ɗa'ifa likitan Makka ne, domin garuruwan biyu kasuwa da auratayya sun ɗaure su.

Masu tarihin likitoci, tun daga Ibnu Juljul na Ƙurɗuba a ƙarni na 10 har zuwa Ibnu Abi Usaibi'a na Dimashƙa wanda ya rasu a 1270, sun ce Harisu ya yi tafiya zuwa Farisa da Yaman ya koyo magani, har da kaɗa molon Larabawa. An ce a Jundisabur ya yi karatu, wani gari a kudu maso yammacin Iran ta yau wanda ya yi suna da likitoci Kiristoci. Sunan nan na Jundisabur ba na banza ba ne: a shekarar 765, da ciwon ciki ya addabi Halifa Mansur ya gagari likitocin Bagadaza, daga can aka ɗauko Jurjis ɗan Bukhtishu, kuma zuriyarsa ta riƙe aikin likitan fada tsawon ƙarnoni. Amma tsakanin zamanin Harisu da na Jurjis akwai fiye da shekara ɗari, kuma masu binciken zamaninmu suna tababar ko akwai tsayayyar makarantar likitanci a garin tun wancan lokaci. Wani malamin tarihi na Landan, Gerald Hawting, ya bi diddigin ruwayoyin a 1989, ya nuna cewa tsofaffin littattafai kaɗan suka faɗa game da Harisu, sai labarin ya riƙa ƙaruwa gwargwadon yadda ake nisa da zamaninsa. Ibnu Khaldun kuwa, tun a ƙarni na 14, cikin likitocin Larabawa masu sanin magani ta hanyar gwaji da gado ya lissafa shi. Ni dai wannan siffa ta biyu ta fi kwanta mini a rai, kuma ban ga ta rage masa daraja ba. Mutumin da ya yi shekaru yana duba marasa lafiya, yana lura da wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, ya tara ilmin da takardar shaida ba ta bayarwa.

Mafi shahara cikin abin da aka jingina masa ita ce muhawararsa da Kisra Anushirwan, sarkin Farisa da ya yi mulki daga 531 zuwa 579. Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo ta da tsawo. Sarkin ya fara da raina shi, yana ganin me Balaraben ƙauye zai sani na magani, sa'an nan ya shiga yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda kusan duk amsoshin suke komawa ga ciki. Tushen magani a wurinsa shi ne kame baki. Babbar cuta kuwa ita ce a ɗora abinci a kan abincin da bai narke ba. Ya hana shiga wanka da cikakken ciki, ya hana shan magani alhali ana lafiya, ya yabi naman ɗan rago, ya kushe busasshen nama mai gishiri, abin da ya sa na ce da ya zo ƙasar Hausa da ya yi rigima da masu kilishi. Ya ce a ci 'ya'yan itace a lokacinsu, a bar su in lokacinsu ya wuce. Sai dai a cikin muhawarar akwai bayanin ɗabi'u huɗu na jiki, jini da majina da safara'u da sauda'u, a tsare tsaf kamar yadda suke a littattafan Jalinus da aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza bayan mutuwar Harisu da daɗewa. Wannan ya sa ake ganin cewa marubutan baya ne suka zuba iliminsu a bakinsa. Ko da haka ne, akwai abin lura: da suka tashi neman wanda za su ɗora wa hikimar ciki, sunansa suka tarar a bakin mutane.

Daga nan ne maganar da kowannenmu ya taɓa ji a wurin wa'azi ta fito, wadda take mai da tumbi matattarar cututtuka, take kuma sa kame baki a gaban kowane magani. Sau da yawa nakan ji ana karanto ta a matsayin hadisi, har a taron buɗa-baki na ƙungiyarmu. Ibnul Ƙayyim ya warware wannan a Zadul Ma'adi, inda ya bayyana cewa maganar Harisu ce, likitan Larabawa, kuma bai inganta a jingina ta ga Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ba. Abin da ya zo a hadisi a wannan babi shi ne wanda Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, mai raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Bambancin yana da amfani. Maganar likita ana iya auna ta, a karɓi abin da ya tabbata, a gyara abin da bai tabbata ba. Kuma ta sha gyara. Shekaru da yawa ana ɗora gyambon ciki a kan yaji da yunwa da damuwa, sai a 1982 wasu likitoci biyu a garin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce take haddasa mafi yawansa. Aka ƙi yarda da su, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa ya kamu don ya kafa hujja. An ba su kyautar Nobel a 2005. Kame baki yana rage wa mai gyambo raɗaɗi, amma ba ya kashe wannan ƙwaya. Sai an auna bayan gida ko numfashi an same ta, a ba da magunguna na mako ɗaya ko biyu.

Labarin da na fi so a tarihin Harisu ba na magani ba ne, na gano cuta ne. An ce wasu 'yan'uwa biyu ne a Saƙif a zamanin jahiliyya. Ɗaya ya yi tafiya ya bar wa ɗan'uwansa amanar gidansa. Wata rana idon wanda aka bar wa amana ya faɗa kan matar ba da niyya ba, son ta ya kama shi, ya ɓoye abin a ransa don kunya, ya daina cin abinci, ya rame har ya kwanta. Da matafiyin ya dawo ya ga halin da ɗan'uwansa yake ciki, sai aka kira Harisu. Ya duba shi, ya kalli idanunsa, ya fito fili ya ce bai gane wannan ciwo ba, amma zai jarraba wani abu. Ya sa aka ba shi abin sha mai bugarwa, tun da a lokacin ba a haramta ba, saurayin ya saki baki ya rera baitocin da suka tona asirin zuciyarsa. Mijin ya saki matar don ɗan'uwansa ya aura, shi kuwa ya rantse ba zai aure ta ba, ya ci gaba da ramewa har ya mutu. Labari ne irin na masu hira, kuma an jingina makamancinsa ga wasu likitocin. Amma dubi abin da ya yaba. Ga mutumin da ya shahara da mai da kowace cuta ga tumbi, ga majinyacin da ba ya cin abinci, abu mafi sauƙi shi ne ya ce ciki ne ya ba da jiƙo. Sai ya ce bai sani ba, ya nemi hanyar da majinyacin zai yi magana. A ganina wannan ya fi dabino da hulba nuna cewa shi likita ne.

Har gobe aikin bai sauya ba. Kafin a kai ga na'ura, yawancin cutukan ciki da tambaya ake gano su. A ina ciwon yake, nuna mini da yatsa ɗaya. Yaushe yake zuwa, kafin abinci ko bayansa, yana tashinka daga barci? Zafin da yake tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro in an kwanta bayan cin abinci mai nauyi, wannan ruwan tumbi ne yake komowa sama. Ciwon da yake kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan an ci maiƙo, yana harbawa zuwa kafaɗa, yakan zama tsakuwa ce a maɗaciya, kuma hoton sikanin yana nuna ta. Wanda ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, da zazzaɓi da ƙin abinci, ba a kwana da shi a gida. Sai tambayar da nake yi wa kowane mahajjaci: wane magani kake sha don ciwon ƙafa? Mutanenmu suna haɗiyar ibuprofen da diclofenac kamar gyaɗa bayan ɗawafi, sau da yawa da wofin ciki, alhali waɗannan suna cin bangon tumbi har ya yi jini. Alamar jinin kuwa ba ja ba ce. Bayan gida ne yake fitowa baƙi ƙirin kamar kwalta, mai ɗoyi.

Matsalarmu ita ce muna zuwa wurin likita da sunan cutar a hannu. Sunaye uku muke da su, olsa da taifod da basir, kuma babu ciwon cikin da ba ma cusa shi a ɗaya daga ciki. Taifod ɗin ma sau da yawa da awon Widal aka tabbatar mana da shi a gida, awon da aka ƙirƙira tun 1896, wanda yakan nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita. Basir kuwa ya fi ba ni tsoro. Cuta ce ta gaske, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya keɓe mata risala guda. Amma a bakinmu basir ya zama rumbu: kumburin ciki basir, kasala basir, jini a bayan gida basir. Na ga mutanen da suka shekara suna shan jiƙon basir, ana aiko musu da shi daga gida a cikin jarka, alhali sankarar hanji ce take girma. Wanda ya haura shekara 50 ya ga jini, ko yanayin bayan gidansa ya sauya na makonni, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, wannan sai an leƙa da na'ura. A nan Ingila hukumar lafiya tana aiko wa masu irin waɗannan shekaru ɗan kwalabar awon bayan gida har gida, kyauta, kuma na san gidajen da ake jefa ta a shara don kunya. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Mu koma ga Harisu, domin gidansa ya shiga tarihin Musulunci ta wata ƙofar da ba ta magani ba. Yana da baiwa mai suna Sumayya, wadda aka ce wani babban mutum da ya warkar ne ya ba shi ita lada, wasu suka ce basaraken Farisa ne, wasu suka ce na Yaman. Kada a rikita ta da Sumayya mahaifiyar Ammar, shahidiyar farko. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunaini, Musulmi suka kewaye Ɗa'ifa, aka yi shelar cewa duk bawan da ya fito ya zama ɗa. Cikin waɗanda suka fito har da Nufai'u ɗan Sumayya, wanda ya sauko daga ganuwa ta kan abin jan guga da Larabawa suke kira bakra, daga nan ya sami laƙabin Abu Bakrata, ya kuma zama ɗaya daga cikin Sahabbai masu ruwayar hadisi. Wani ɗan Sumayya shi ne Ziyad, wanda ya yi gwamnan Iraƙi a zamanin Mu'awiya. 'Yar Harisu kuma, Azda, ta auri Utbatu ɗan Gazwan wanda ya kafa Basra, shi ya sa 'yan gidan suka kasance cikin mazaunan garin na farko. Akwai kuskure ɗaya da ya kamata a kiyaye: wasu littattafai sun mai da Nadru ɗan Harisu, maƙiyin Musulunci da aka kashe bayan Badar, ɗan likitan nan. Ba haka ba ne. Nadru Baƙuraishe ne daga Banu Abdid Dar, sunaye ne kawai suka yi kama.

Shi kansa Harisu, malamai sun saɓa a kan Musuluncinsa. Mutanen Saƙif sun karɓi addini a shekara ta 9, kuma akwai waɗanda suka lissafa shi cikin Sahabbai. Ibnu Abi Hatim kuwa ya tafi a kan cewa Musuluntarsa ba ta tabbata ba, kuma daga nan malamai suka kafa hujja da labarin Sa'adu cewa ya halatta Musulmi ya nemi magani wurin likitan da ba Musulmi ba, matuƙar ya ƙware kuma amintacce ne. Wannan mas'ala ta shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a ƙasashen da likitan unguwa zai iya zama Bahindu ko Kirista ko wanda ba ya bin kowane addini. Na sha jin ɗan'uwa yana cewa zai jira sai ya je gida hutu ya ga nasu. Sa'adu yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, addu'arsa karɓaɓɓiya ce, wanda ya duba shi kuma shi ne fiyayyen halitta, amma duk da haka abin da ruwayar ta nuna shi ne an tura shi wurin mai sanin aikin.

Rasuwarsa ma labari biyu ne. Na farko ya ce shi da Sayyidina Abubakar suna cin wani abinci da aka kawo wa Halifa kyauta, sai Harisu ya ɗanɗana ya gane akwai guba a ciki, irin wadda take aiki a hankali, ya ce wa Halifa ya ɗaga hannu, ya kuma shaida masa cewa su biyun ba za su wuce shekara ba. Suka yi ta jinya har suka rasu rana ɗaya a shekara ta 13, wato 634. Sai dai ruwayar da ta fi shahara game da Abubakar ita ce zazzaɓi ya kama shi bayan ya yi wanka a rana mai sanyi, ya yi kwana goma sha biyar ya cika. Labari na biyu ya raya Harisu har zuwa halifancin Mu'awiya, wanda ya fara a 661, ya ce Halifan ya tambaye shi mene ne magani, ya amsa masa da yunwa, yana nufin kamewa daga ci. In aka haɗa wannan da zamansa gaban Kisra, wanda ya mutu a 579, sai a ga ana bukatar likitan da ya yi aiki fiye da shekara 80. Ni na fi karkata ga cewa ya rasu a farkon zamanin Halifofi, sauran kuma suna ne da ya fi mai shi tsawon rai. An ce da ajali ya matso, mutane suka taru suka nemi ya bar musu abin da za su riƙe, ya maimaita musu abin da ya saba faɗa: kada a yi gaggawar shan magani muddin jiki yana iya ɗaukar ciwon, a ɗan kishingiɗa bayan abincin rana, a ɗan taka bayan na dare. Na ƙarshen nan har yanzu ina ba masu ƙwannafi shi. Na farkon kuwa, da Baba ya bi shi a daren nan na Misfala, da a Makka muka binne shi.

Kwana huɗu bayan an kwantar da Baba, da hankali ya kwanta, sauran ayarin muka ɗauki mota muka hau Ɗa'ifa ziyara. Direban ya kai mu masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ya kai mu inda ake tatsar turaren fure. Na tambaye shi ko ya san wani abu game da Harisu ɗan Kalada, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya tambaye ni ko sunan wani asibiti ne. Muka sayi rumman a bakin hanya, muka ɗauki harami a Ƙarnul Manazil, muka gangaro. Da yamma na kai wa Baba nasa kason a gadon asibiti. Ya juya rumman ɗin a hannu, ya yi godiya, ya sa mini albarka, sa'an nan ya tambaye ni ko olsarsa za ta iya ɗaukar tsaminsa.